Sabulu a Bakin Kafireto

Motar babana ja ce, mai ƙofa biyu, gajeriya har sai mutum ya durƙusa kafin ya shiga. Wani Bature da suka yi aiki tare a masaƙa a Kakuri ne ya bar masa ita, tun ba a haife ni ba. Kowace Lahadi in an tashi daga coci, mukan bi hanyar Abuja har Kakau, mu sayi gasasshiyar masara mu juyo. In Baba yana gyara kuwa, ni ce mai riƙe masa sifana, shi ya sa na san cikinta kamar yadda na san ɗakina.

Wata bakwai da rasuwarsa, ina jami'a, motar ta fara zubar da mai. Warin fetur ya cika tsakar gidanmu a Trikania, Mama ta ji tsoron gobara, ta kira Baba Ƙarami, ƙanin babana. Shi kuma ya kawo bakanikensa. Ba wanda ya tuna da ni.

Ranar Asabar da safe na iso, na tarar da wani mai sayen gwangwan yana zagaya motar, yana ƙwanƙwasa jikinta da yatsa kamar mai zaɓen kankana. Ni ba mai faɗa ba ce. A gida ma tsokanata ake yi, wai in ana rikici ni ina can ina kallon girgije. Amma ranar sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

"Baba Ƙarami, me wannan mutumin yake yi a jikin motar babana?"

"'Yata, sai haƙuri. Inji ya buga. Ga Oga nan, tambaye shi."

Oga bakaniken yana zaune kan benci yana sakace. Ya ce shi ya tsayar da yoyon tsaf, amma tun daga nan ta ƙi tashi. "Tsufa ne, Sista. Irin wannan ko a kasuwar Fanteka ba a samun kayanta."

Na ɗaga bonet. Kafireto ita ce ke haɗa mai da iska kafin su shiga inji, kuma a gefenta akwai ɗan bututu da mai ke fita in ya yi mata yawa. A bakin wannan bututun na ga an cusa wani koren abu. Na ƙwaƙule da farce, na shinshina. Sabulun wanki.

Kowa ya san dabarar sabulu. In tanki ya tsage a hanya, a goga masa, ya kai ka gida. Amma wannan ba tsaga ba ce, ƙofa ce da aka yi da gangan. Da ya toshe ta, man da ya rasa hanyar fita sai ya gangara cikin inji ya jiƙe fulogai.

"Oga, yaro yana kuka, sai ka toshe masa baki ka ce ya warke?"

"Ah ah! Shekara ashirin ina wannan aiki. Ke biro kika iya."

"To zauna ka ga biro."

Na ɗauko akwatin kayan aikin Baba. Na kwance murfin ƙoƙon da mai ke taruwa, na ciro ɗan tulun tagullar da ke iyo a ciki, wanda kanikawa ke kira fulot. In mai ya cika, shi ne ke tasowa ya rufe hanya. Na kai shi kunne na girgiza, yadda Baba ya koya mini, yadda Mama ke gwada ƙwai kafin ta fasa. Ceƙel, ceƙel. Ya sha mai, ya nutse.

Na roƙi Mama ruwan zafi a kwano, na tsoma shi. Sai ga kumfa siririya tana fitowa ta wani rami da bai kai tsinin allura ba. Na tura kwanon gaban Baba Ƙarami.

"Ga abin da za ku yanka motar yayanku a kansa."

Na tsiyaye fulot, na bar shi ya bushe a rana, na liƙe ramin da dalma, na goge fulogai, na mayar da komai wurinsa. Duk wannan lokaci mai gwangwan yana tsaye, yana jiran in kunyata.

Na murɗa makulli. A murɗawa ta uku motar ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama da wannan muryar tata mai kauri. Mama ta rufe fuska da gefen zani. Ƙasa kuwa ko ɗigo.

Oga ya miƙe yana kaɗe wando. "Ai dama fulot ɗin nake zargi."

Baba Ƙarami ya miƙo hannu in ba shi makulli, wai zai adana. Na kalli hannun, na kalli mai gwangwan da har yanzu bai tafi ba. Na zura makullin a sarƙar wuyana, kusa da gicciyena. Sannan na ɗauki guntun sabulun na sa wa Oga a tafin hannu.

"Ka manta kayan aikinka."