Hanyar Rijiya Ta Cikin Gonarmu

An haife ni a wani ƙaramin ƙauye, tafiyar hantsi ɗaya daga Sule Tankarkar, a shekarun da Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar Gumel ba. Sunan kakata aka sa mini, mahaifiyar babana, shi ya sa duk gida Uwani ake kira na. Ita kaɗai take ce mini Takwara.

Kaka 'yar siririya ce, ga kaifin ido. Idan an ci tuwo bayan magariba, sai ta jawo tabarmarta kusa da murhu, ta tura guntun itace ɗaya cikin garwashi, ta ɗauko mazarinta da auduga. Mu kuwa, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta, sai mu kewaye ta. Har yau idan na ji ƙanshin hayaƙin itacen aduwa, ƙarar mazarin nan nake ji yana juyawa a kan fata.

Akwai abu ɗaya game da ita da Baba. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa doguwar magana ido da ido. Idan ta kama dole, sai ta ce, “A gaya wa mai gidan nan.”

Gonarmu tana tsakanin unguwar gabas da rijiyar gari, wadda ita kaɗai ce muke da ita. Tun zamanin kakana akwai 'yar hanya da ta ratsa tsakiyar gonar, ta nan matan gabas suke bi da tuluna, maza da jakuna. A wata damina, ina yarinya, jakuna sun yi wa Baba ɓarna sosai, sun tattake gero, sun cinye wake. Da bazara ta zo sai ya ce ya gaji, zai toshe hanyar. Mutanen gabas suka kai kuka wurin dagaci, domin idan an rufe, sai sun zagaya ta bayan maƙabarta, tafiyar ta ninka. Dagaci ya saurari kowa, ya ce gona dai ta Baba ce, ba zai tilasta masa ba, amma ya duba zumunci. Baba ya dawo gida. Kwana uku yana saran ƙayar magarya yana tarawa a bakin gona. Iya Talle, tsohuwar da kullum take leƙowa ta gaida Kaka idan ta dawo daga rijiya, ta daina shigowa.

A daren kwana na ukun, an yi yayyafin farko, ƙasa tana ƙanshi. Baba yana bayan zana yana gyaran ƙotar sungumi, muna jin ƙwanƙwasarsa. Da Kaka za ta fara tatsuniya, sai ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

“Ga wata nan tafe, ku matsa ku ba ta wuri.”

Muka ce, “Ta shigo, Kaka.”

Ta ce an yi wani manomi, Jatau, wanda ba a taɓa ganin mai tsabtar gona kamarsa ba. Gidansa yana cikin gonar, hanyar gari kuma ta gefensa ta wuce. Wata rana akuya ta ci masa ganyen wake uku. Jatau ya ƙirga, uku cif. Sai ya yi shinge. Shekara ta zagayo, wani yaro ya miƙa hannu ta saman shingen ya karya kara ɗaya, sai ya ƙara tsayinsa. Daga baya ya ce gaisuwar masu wucewa tana hana shi aiki, ya toshe hanyar gaba ɗaya, ya haƙa 'yar rijiyarsa a ciki. Mutane suka ga haka, suka buɗe wata hanyar can nesa.

“Ya ji daɗi, Kaka?” in ji ƙanena.

“Sosai ma. Ba akuya, ba yaro, ba mai ce masa ina kwana.”

Ta ce a wata damina geronsa ya yi kyan da bai taɓa yi ba, zangarniya kamar damtsen mutum. Ya girbe, ya ɗaure, dammuna suka fi ƙarfinsa. Sai ya tuna da gayya. Ya sare ƙofa a jikin shingensa, ya fita ya kira mutane. Ya isa gidan farko ya yi sallama, shiru. Gida na biyu, ciyawa ta fito a tsakar gida. Ashe rijiyar garin ta ƙafe tun bara, mutane sun yi shawara a dandali, sun kwashe kayansu sun tashi. Jatau ya bi gari gida gida yana sallama har rana ta faɗi.

Kaka ta ci gaba da naɗe zare.

Na ce, “Ina suka koma?”

“Wa zai gaya masa, Takwara?”

“To me ya sa ba su kira shi ba?”

“Ba ƙin sa suka yi ba. Mantawa suka yi. Wanda ba ka gani safe da yamma, ran tashi ba ya faɗo maka a rai.” Ta tura garwashi da ɗan kara. “Iyakarta ke nan. Ku je ku kwanta.”

Sai a lokacin na lura ƙwanƙwasar bayan zana ta daɗe da tsayawa.

Da safe Inna ta aike ni kai wa Baba fura. Na same shi yana jan ƙayar nan da ya tara, amma ba a bakin hanyar yake jibge ta ba. Jera ta yake gefe da gefe, dama da hagu, tun daga farkon gona har ƙarshe, ya bar faɗin da jaki mai ɗauke da tuluna biyu zai wuce. Kunyar shuka biyu ya rasa a haka, kuma ƙayar ba ta isa ba, sai da ya ƙara kwana biyu yana sara. Da la'asar Iya Talle ta leƙo da tulu a ka, ta ce, “Sannu da gida, Yaya.” Kaka ta ce, “Sauke ki sha iska mana,” kamar jiya suka rabu.

Bayan damina biyu kurkunu ya kama Baba a ƙafa, daidai lokacin noman farko. Ya kwanta ya fi wata. Mu yara ne, ba mai iya riƙe fartanya. Baba mutum ne mai jin nauyin roƙo, bai aika wa kowa ba. Matan gabas ne da suke wucewa kullum suka ga ciyawa tana shaƙe geron, suka gaya wa mazansu. Wata safiya muka ji kiɗan ganga daga gona. Da aka faɗa wa Baba mazan gabas ne suka zo masa gayya, sai ya juya fuskarsa ga bango, ya daɗe a haka.

Kaka ta rasu shekarar da aka yi mini aure. Daga baya rijiyar ta rufta, aka haƙa wata a yamma, gari ya bi ta a hankali. Da na je ganin gida bayan rasuwar Baba, na nemi hanyar nan ban same ta ba, an shuka gyaɗa a kai. Na tsaya inda nake zaton nan ce, wani saurayi yana noma ya tambaye ni ko ɓata na yi.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar a kan rowa take. Da na girma na ce dabarar uwa ce wadda kunya ta hana ta yi wa ɗanta faɗa. Yanzu da na tsufa a gidan ɗana a cikin Gumel, wani abu dabam nake gani a ciki. Ba a rage ni da komai ba, ci da sha da sutura duk ana ba ni. Amma ɗakina yana can ƙuryar gida, ba hanyar kowa ba ce. Wanda ya zo wurina, niyya ya yi ya zo, ya gaishe ni ya tashi. Abin da nake kewa shi ne mutumin da ba wurina ya nufa ba, wucewa kawai yake da tulunsa, ya ce mini ina kwana, ya gaya mini wa ta haihu, wa ba shi da lafiya.

Ran Juma'ar da ta wuce wani ɗan garinmu ya zo sayar da wake, ya biyo ya gaishe ni. Na tambaye shi Ladidi, jikar Iya Talle, wadda muka yi wasan ƙasa tare. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce ai ta shekara biyu da rasuwa, ya zaci na ji.