Ranar da Attahiru Mai Hoto Ya Dubi Ɗan Farinsa

Shekara goma sha ɗaya rumfata tana jingine da ta Attahiru Mai Hoto a kasuwar Lolo, ni ina taka keken ɗinki, shi yana cusa hannu cikin akwati. Zana ɗaya ce tsakaninmu, ita ma duk huji, saboda haka babu abin da ya faru a wajensa da ban gani ba, har wanda bai so in gani ba. Sunana Manu, tela ne ni, kuma ban taɓa jin an yabi tela da riƙe baki ba.

Attahiru mutumin Geza ne, ɗan manoma, kuma da fartanya zai tsufa ba don rashin lafiyar wani baƙo ba. Wani mai hoto ɗan ƙabilar Ibo, Nwankwo, da ke yawon kasuwanni tun daga nan har cikin Dahomey, zazzaɓi ya kayar da shi a Geza cikin damina. Inna Dela, mahaifiyar Attahiru, ita ta yi jinyarsa wata biyu. Da ya miƙe ya koya wa Attahiru sana'ar, ya bar masa tsohon akwatinsa, ya tafi ya buɗe kanti a Birnin Kebbi.

Akwatin nan na katako ne mai ƙafa uku, da gilashi a gaba mai murfi, da baƙin hannun riga a gefe inda Attahiru ke zura hannu ya wanke takarda a ciki. Idan ya zaunar da kai sai ya cire murfin, ya ƙirga uku, ya mayar. Takardar farko takan fito a juye, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, sai ya sake ɗaukar ita wannan kafin a sami hoton gaskiya. Kowane mutum ɗaya takarda biyu yake ci.

A bakin aiki Attahiru ba ya ragawa kowa. Na ga ya kama haɓar wani mai gari ya karkata ta kamar zai yi masa aski, yana cewa, "Kak ka motsa, ranka shi daɗe, ko numfashi ka aje sai na gama." Shi a wajensa hoto shi ne mutum ya fito cikakke, yatsu goma a kan gwiwa, takalmi a fili, agogo in akwai. Hoton rabin jiki kuwa raina shi yake yi, wai an biya shi ya ɗauki mutum ne, ba ya yanka shi ba.

Fuska ɗaya ce a duk ƙasar Bagudo Attahiru bai taɓa sawa gaban akwatinsa ba, ta ɗan farinsa Arzika. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce irin ta mutanenmu, sai dai shi tasa ta fi ta kowa nauyi. Shekara ashirin da uku bai taɓa kiran sunan yaron ba, sai "wanga yaro". In sun haɗu a hanya uban ya dubi gabas, ɗan ya durƙusa ya dubi ƙasa, a gaisa da iska a wuce.

Abin dariyar shi ne Arzika ba mai kunya ba ne a ko'ina sai nan. Shinkafa yake nomawa a fadama, amma ranar kasuwa shi ne ke tara mutane a gindin tsamiya. Yakan kwaikwayi mahauci, ya kwaikwayi mai maganin kunama, ya kwaikwaye ni da allura a baki har matata ta riƙe ciki. Wanda ya fi yin fice da shi shi ne duwan, ma'aikacin kan iyaka na wajen Dahomey mai binciken kaya. Zai tare mace da ƙwarya, ya tambaye ta abin da ke ciki, sannan ya zura mata ido ya yi tsit, ya ɗage gira ɗaya, har sai jama'a sun fashe. Amma da zarar an ce ga Attahiru nan tafe, sai ka ga duwan ya narke ya koma ɗan maraƙi. Shi kuwa uban, sau nawa na kama shi ya kafa kunne a zana yana murmushi, in ya ga na gan shi ya hau goge gilashi.

Ana saura 'yan kwanaki a karɓi mulkin kai, malamin gona ya zo daga Bagudo da wata takarda. Masu shirya majigi a Kaduna suna neman sababbin 'yan wasan kwaikwayo don wani wasa a kan noma. Duk mai so ya aika da sunansa da hotonsa, daga kafaɗa zuwa sama kawai, fuska a buɗe, ido yana kallon gaba. In sun ga fuskar ta yi musu, sai su kira mutum gwaji. Takardar ta makara a hanya saboda ruwa, kuma mai ɗaukar wasiƙu zai ƙetare kogi ran kasuwa da la'asar. In hoto bai bi shi ba, shi ke nan, an rufe.

Arzika ya kasa barci, ya kuma kasa gaya wa ubansa, sai ya zo ya tsuguna gaban kekena. "Kawu Manu, don Allah kai za ka yi mini magana. Ni ban iyawa."

Na leƙa ta zana na faɗa wa Attahiru. Na zaci zai yi faɗa a kan rabin jiki, ko a kan ɗansa ya zama abin kallo. Sai ya buɗe gwangwanin takardunsa, ya karkato mini shi. Huɗu suka rage. Duk wanda ya ɗinka sabuwar riga don bikin 'yancin kai sai da ya zo ya ɗauki hoto da ita, ga hanyar Birnin Kebbi ruwa ya yanke, babu halin Nwankwo ya aiko da wasu.

"Ce ma wanga yaro shi taho da hantsi," in ji shi. "Rana ta fi kyau lokacin."

Ran kasuwa Arzika ya zo da farar riga da hula, ya zauna a kan benci gaban baƙin zanen da ake ratayawa a baya. Tun nan na san akwai aiki. Attahiru da ke leƙa akwati ya daidaita kowa, yau sai ya ɗauko igiya ya ba ni, wai in riƙe bakinta a hancin yaron ya auna nisa. Taku uku ne tsakaninsu, amma ni ne ɗan aike.

"Manu, ce mishi shi ɗaga kai."

"Arzika, an ce ka ɗaga kai."

"Na ɗaga, Kawu."

Ya ɗaga ɗin kuwa, sai dai da uban ya matso gefen akwati ya kai hannu ga murfi, kan nan ya sauka da kansa. Attahiru bai gani ba, don shi ma rumfar masu gishiri yake kallo yana ƙirga uku. Da takarda ta fito muka sami hoton hula mai kyau ƙwarai, da ɗan guntun hanci a ƙarƙashinta.

A karo na biyu na yi dabara, na ce Arzika ya manta da kowa ya dubi reshen tsamiya. Ya duba da dukan zuciyarsa. Wannan karon haɓa muka samu da ƙofofin hanci biyu. Na so in yi dariya, sai na ga Attahiru ya leƙa cikin gwangwani, dariyar ta koma. Takarda biyu suka saura, ɗaya ta juye, ɗaya ta gaskiya, babu ta kuskure. Arzika ya sunkuya yana murza bakin rigarsa, gumi ya jiƙa masa baya. Wallahi tausayinsu su biyun ya kama ni, haushinsu kuma ya fi tausayin yawa.

Ana cikin haka sai ga Inna Dela ta biyo da ƙwaryar daddawarta a ka, ta gama ciniki za ta gida. Tsohuwa ce 'yar firit mai kaifin baki, kuma tsakaninta da Arzika wasan kaka da jika ne, ba ta kiransa sai angonta. Ta tsaya ta dubi jikan, ta dubi ɗan, ta karɓi hoton hular daga hannuna ta juya shi.

"Mi anka yi ma angona yaz zauna kamar kazar da ruwa yad doka? Hula ta za a kai Kaduna ko mutum?"

Na yi mata bayani a gurguje. Sai ta shiga rumfata ta jawo turmin atamfar da wata amarya ta kawo ɗinki, ta warware shi.

"Attahiru, tsuguna nan."

"Inna, ai ni ka buɗe murfi."

"Hannunka ka buɗewa ko fuskarka? Tsuguna, na ce."

Mutumin da ke juya haɓar masu gari ya tsuguna a gindin akwatinsa, uwarsa ta lulluɓe shi ruf da atamfar amarya, hannu ɗaya kawai ta bari a waje. Ta zagaya bayan akwatin ta tsaya, ta ɗora ƙwaryarta a kan akwatin, daidai saman gilashi.

"To, babu kowa nan sai ni da kai," ta ce wa Arzika. "An ce kai ad duwan. Ga ni na kwaso kaya zan ƙetara, in ga wanda ka hana ni."

Arzika ya saci kallon tulin atamfar. "Haba, Inna..."

"Ashe ƙarya aka yi. Duwan ɗin ƙauye, ko tsohuwa ba ka iya tarewa. Gobe in sake miji."

Mutane sun fara taruwa, wani ya yi dariya. Na ga kafaɗar Arzika ta miƙe a hankali, ƙirjinsa ya fito, wuyansa ya ƙara tsawo.

"Tsaya nan, madam!" Muryar ma ba tasa ba ce. "Mi ac cikin ƙwaryag ga?"

"Babu komi, ranka shi daɗe, 'yar daddawa ta."

Sai ya yi abin nasa. Ya kafe ƙwaryar da ido, ya ɗage gira ɗaya, ya yi tsit, dariya tana laɓe a gefen bakinsa ba ta fito ba. Ni kuwa idona yana kan atamfa. Akwai 'yar ɓaraka inda bakin zanen ya haɗu, kuma ta nan na hango idon Attahiru ɗaya, a buɗe tar, yana kallon ɗansa. Hannun nan ya tashi ya cire murfi. Ban taɓa jin ƙirgen uku mai tsawon wannan ba. Da murfi ya koma sai kasuwa ta ɗauki shewa, Arzika ya tuna inda yake, ya zame daga benci ya gudu bayan rumfar masu gishiri.

Attahiru ya fito daga cikin zane jiƙe da gumi, ya zura hannu a akwati ya wanke takardar. Ta fito a juye, amma ko a haka ido biyu suna nan suna kallonmu. Ya manna ta gaban gilashi, ya yi bisimilla, ya sa takarda ta ƙarshe. Na rantse ban numfasa sosai ba sai da ya tsamo ta ya jefa cikin bokitin ruwa, fuskar Arzika ta bayyana sarai, kai ka ce zai tambaye ka abin da ka ɗauko. Inna Dela ta rangaɗa guɗa, ni kuma na zauna a ƙasa ina hamdala.

An kira Arzika gwaji bayan wata biyu, kuma sun ɗauke shi, ya yi shekaru yana wasa a can kafin ya dawo ga shinkafarsa. Amma ni ba wannan na fi tunawa ba. Hoto ɗaya ne tak, kuma dole ya bi mai wasiƙu. Attahiru yakan shanya hotunan mutane a igiya ya koma harkarsa, wannan kuwa a tafin hannunsa ya riƙe shi har ya bushe. An kira la'asar, mai wasiƙu ya zo ya tsaya, ya yi gyaran murya sau biyu, Attahiru bai ɗago ba. Sai da na taɓa kafaɗarsa sannan ya sa hoton a ambulan da kansa, ya liƙe, ya miƙa.

Muka tsaya muna kallon mutumin yana gangarawa bakin kogi da jakarsa. Attahiru ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya share ido da hannun riga, bai ko damu na gani ba.

"Manu," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ashe haka yaron ga ya girma?"