Iya da Maƙwabciyar Gadonta

Ban daɗe da tarewa a gidan mijina a Lafiya ba aka aiko daga Awe cewa mahaifiyarsa ta faɗi a wurin dafa gishiri. A shekarun tamanin ne, muna ƙarƙashin Jihar Filato. Maigidana bakanike ne, sai ya ari a-kori-kura a garejinsu ya ɗauko ta, aka wuce da ita asibitin gwamnati kai tsaye. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa mata ɓarin jiki na dama. Hannun ya yi nauyi, ƙafar tana ja, amma bakinta lafiya lau.

Ba a barin namiji ya yi jinya a ɗakin mata, 'ya'yanta mata kuma suna aure a nesa, ɗaya ma tana jego. Jinya ta faɗo kaina. Kafin nan gaisuwa ce kawai tsakanina da Iya, in durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon wani wuri.

Washegari da safe na kawo ruwan ɗumi zan yi mata wanka, ta ja zane ta rufe jikinta har wuya.

"Ajiye, zan yi da kaina."

"Iya, hannun ba zai iya ba."

"To a bari. Ai ba wanka ya kawo ni ba."

Sistar da ke kula da ɗakin wata 'yar ƙabilar Eggon ce, gajera, mai saurin tafiya. Hausarta irin ta kasuwar Lafiya ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ji mu, ta zo ta ja labule ta zagaye gadon.

"Mama, ka bari shi ya wanke ka. Yarinya nan shi ne ɗanka yanzu."

Iya ta kalle ta sama da ƙasa. "'Yar nan, Hausarki ma tana so a ba ta gado a yi mata allura."

Sista ta yi dariya har ta dafa ƙarfen gado, matan da ke bayan labule ma suka ɗauka. Cikin dariyar nan Iya ta saki zanen. Na wanke ta, idona a ƙasa, nata a rufe. Da na zo tafin hannunta na ga yadda wuta da ruwan gishiri suka cinye shi, duk ya yi kanta. Na shafa mata man kaɗanya, ba ta janye hannun ba.

Ranar da likita ya hana ta cin gishiri kuwa an sha kallo.

"Ɗan nan, ka san daga ina aka kawo ni?"

"An ce mini Awe."

"To tun ina budurwa nake kwasar ƙasa, in tace, in dafa. Mutanen garin nan duk sun ci gishirina, wataƙila har mahaifiyarka."

"Shi ya sa na ce kin ci rabonki, Iya. Ki bar mana sauran."

Ta yi ƙwafa, amma ta bi. Na koma ƙara daddawa da citta a miya, tana ci tana mita.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Tibi mai gyambo a ƙafa. An ce maƙwabtanta ne suka kawo ta daga wata gona bayan Doma, suka koma don shuka ta kama. Ba mai jinyarta. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ruwa" ba. Ma'aikata suna wanke mata ciwo, suna ba ta magani da abinci, amma idan lokacin ziyara ya yi, ɗaki ya cika da kwanuka da gaishe-gaishe, sai ta juya fuska bango.

Wata rana na buɗe kwanon tuwo, Iya ta ce, "Fara da ita."

"Iya, naki ne. Babu gishiri a ciki."

"Ni da nake ci mutuwa na yi? Zuba mata."

Tun daga nan jinyata ta zama ta mutum biyu. Muka riƙa kiran tsohuwar Mama. Da hantsi nakan fito da su baranda su sha iska, Iya tana ba ta labarin Awe da Hausa, ita tana mayar mata da Tibi, kowa yana gyaɗa kai a inda ya dace. Na taɓa tambayar Iya me Mama ta ce, ta ce, "Ina ruwanki? Zancen manya ne."

Sista ta ba Iya lemon tsami ta riƙa matsawa don hannun ya motsa, Iya ta ce ita ba yarinya ba ce da za a ba ta abin wasa. Mama kuwa tana da ƙullin agushi a cikin kayanta, shi take ɓarewa don rage zaman banza. Rannan ta zuba kaɗan a cinyar Iya, ta kamo hannun mai ciwon, ta sa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsunta. Ƙwayar ta faɗi, ta sake sa wata. Iya ta yi tsaki, amma aiki ne da ta sani, ba za ta yarda wata ta fi ta ba. Da agushin Mama ya ƙare na sayo mudu a kasuwa. Kafin a sallame mu Iya tana iya riƙe cokali da hannun nan.

Ranar sallama maigidana ya zo da mota, na ɗaure kaya, Iya ta ƙi tashi, ta nuna gadon Mama.

"Ita fa?"

"Iya, ita ma an ce za a sallame ta, ta riƙa zuwa wankin ciwo."

"Daga ina za ta riƙa zuwa? Da wace ƙafar?"

Maigidana ya sosa ƙeya. "Ba mu san danginta ba, Iya. Kuma kin san ba addininmu ɗaya ba."

"Na tambaye ka addininta? Ɗakin da za ka sa ni ba zai ɗauki tabarma biyu ba?"

Sista ta kira wata mai shara da ke jin Tibi ta yi tafinta. A nan muka ji cewa Mama tana da 'ya guda, tana aure a wajen Makurɗi, ba ta ma san an kwantar da uwarta ba. Aka tambaye ta ko za ta bi mu. Ta dubi Iya, ta fara naɗe zanenta. Jami'ar jin daɗin jama'a ta asibitin ta zo ta ji inda gidanmu yake, ta ce za ta ba direbobin motocin doya saƙo su nemi 'yar.

Mama ta yi damina a gidanmu. Maigidana, wanda ya so ƙi da farko, shi ke kai ta wankin ciwo a kan babur. Wata Lahadi da safe ya ga tana zaune ta ɗaura kallabinta mai kyau, tana sauraren ƙararrawar coci daga nesa. Sai ya tayar da babur ya kai ta har bakin ƙofa, ya koma ya ɗauko ta da aka tashi. Haka ya ci gaba da yi. Ita kuma in ta ga Iya za ta yi alwala, sai ta jawo buta ta zuba mata ruwa.

Gyambon ya kusa rufewa lokacin da 'yar ta iso, da goyo a bayanta. Ta faɗi a gaban uwarta tana kuka, sannan ta rarrafa wurin Iya ta kama ƙafarta. Iya ta ce a tashe ta, a ba ta abinci, ta sha hanya. Da za su tafi Iya ta raka su har zaure da sandarta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da muka dawo. Ita da Mama suka riƙe hannun juna, kowa yana faɗin nasa. Ranar Iya ba ta ci tuwo ba.

Iya ba ta koma Awe da zama ba. Ta zauna tare da mu, ina kai ta awon jini, ita da Sista suna tsokanar juna kamar kullum. Duk kaka sai mun ga doya ta zo daga wajen Doma ta hannun wani direba.

Bayan wasu shekaru direban ya zo hannu wofi, ya ce Mama ta rasu. Iya ta tambaye shi yadda Tibi suke gaisuwar mutuwa da abin da ake kaiwa. Ƙafarta ba za ta iya tafiyar ba, sai ta ce ni da ɗanta mu je a madadinta. Muka hau babur da sassafe. Hanyar bayan Doma ta lalace, a wasu wuraren sai na sauka mun tura. Da muka isa, 'yar ta gane mu tun daga nesa. Ta kama hannuna ta kai ni cikin matan da ke zaune, ta yi musu bayani da yarensu, suka matsa suka ba ni wuri a kan tabarmar dangi.