Dutsen da Na Tattake

Duwatsun duniya ta hanci na fara saninsu, kuma wallahi babu mai ƙamshi a cikinsu. Himalaya, Andis, Atlas, har yau in na ji sunansu sai miyau ya taru mini a baki, in nemi inda zan tofar.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ina aji huɗu a elementaren Bagudo. Aji huɗu kuwa nan ne ƙarshen hanya. Yara biyu kacal ake ɗauka su wuce babbar firamare a Birnin Kabi, sauran kowa ya koma gona ko bakin Kwara. Malamin ajinmu ne ke zaɓe, ya rubuta suna ya miƙa, ba mai tambayarsa dalili. Ni kuwa ina son tafiyar nan kamar raina zai fita. Shi ma ya san ina so, a nan matsalar take.

Malamin nan saurayi ne, sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, siriri, da agogo a hannu da wani littafin taswira a hammata. Ban yi zaton ya taɓa hawa abin da ya fi rumbu tsayi ba, amma ba shi da zance sai duwatsu. Ƙasarmu a shimfiɗe take, fadama ce da gonakin gero da shinkafa, ɗan tudun da muke taƙama da shi ko tsohuwar akuya ba ta haki a kansa. Sai ga mu kullum da safe muna rera tsayin Ebarest ƙafa kaza, Kilimanjaro ƙafa kaza, mashigin Kaibar yana tsakanin ƙasa kaza da ƙasa kaza. Mene ne ma mashigi? Oho! Mu dai mun san wanda ya kai Kilimanjaro Masar zai sha bulala shida.

Ana saura wata guda bikin mulkin kai, sai ya ce za mu gina duwatsun duniya a filin makaranta, don hakimi zai zo, kuma za a turo wani jami'in ilimi daga Birnin Kabi. Ya zana taswirar duniya a ƙasa da tsinin sanda, faɗinta ya kai filin sallar gidan hakimi. To da laka kawai ya sa muka yi, da ba ni da abin faɗa. Ina! Wai laka za ta tsage. Sai an kwaɓa ta da ɗanyen kashin shanu, mu muka je ruga muka kwaso da hannu a ƙorai. Bai isa ba. Wani ya gaya masa ruwan kifi yana riƙe gini, sai ya aika wurin masunta aka tara masa kawuna da fatu da hanji, aka tafasa a babbar tukunya har suka yi yauƙi, muka zuba muka cuɗa da ƙafa. Ƙanƙarar da ke kan ƙololuwa kuma, farar ƙasa ce aka dama da tsamin nono.

Damina ba ta gama tafiya ba, don haka in hadari ya taso sai mu rufe ginin da zana, abin ya yi ta dahuwa a ƙasa. Ranar da muka ɗaga zanar da ke kan Asiya, a'uzu billahi! Tsutsa ce fara sol ke fitowa daga gindin Himalaya tana hawa, ƙudaje kuwa sun mayar da ƙanƙarar Ebarest baƙa ƙirin. Wani yaro ya yi amai a Tekun Indiya, Malam ya ce ya binne da ƙasa a ci gaba. Wanda ya toshe hanci ya sha duka, wai rainin ilimi ne. Karnukan gari sun cinye rabin Andis, muka sake ginawa. In na koma gida innata ba ta bari in shiga ɗaki sai na yi wanka da toka a bayan danga.

Lakar nan babana ne ke kawowa daga fadama da jakunansa uku. A lokacin ya tsufa, amma da ƙuruciyarsa bafatake ne. Ya yi shekaru yana bin ayarin goro zuwa Gwanja: su ƙetare Kwara, su bi ta Ilo su shiga Dahome, su wuce Kandi da Kwande, sannan su haura duwatsun Atakora su gangara yamma. A duk filin nan shi kaɗai ne ya taɓa ɗora ƙafa a kan dutsen kirki, ni kuwa ban taɓa haɗa wannan da abin da muke rerawa a aji ba.

Wata rana bayan azahar Malam ya tafi cin abinci, Baba ya zo ya sauke mangala. Ya tsaya yana kallo, ya ja gefen rawaninsa ya rufe hanci.

Ya ce, "Mi kuka yi nan?"

Na ce, "Duwatsun duniya ne, Baba." Na shiga nuna masa ɗaya bayan ɗaya ina fankama.

Ya bari har na gama, sannan ya ce, "To ina Atakora?"

Na ce babu shi. Ya ce in nuna masa Kwara. Na nuna masa layin da Malam ya ja. Ya bi layin da ido, ya matsa yamma kaɗan, ya tsuguna. Na miƙo masa kwaɓinmu, ya ture hannuna ya ce shi ba ya taɓa wannan ƙazanta, ya ɗebo tsurar laka daga mangala. Ya ja ta doguwa, daga arewa ta karkata kudu. Gefen gabas ya kwantar da shi, na yamma kuwa ya sare shi da gefen hannu ya tsaya ƙyam kamar katanga. Sannan ya sa babban yatsa ya danna wuri ɗaya, rami ya fito siriri.

"Ga ƙohwa nan," in ji shi. "Jaki guda ka wucewa, ba biyu ba. Sai an sauke kaya an ɗauka a kai. In kun ka iso da rana tsaka kun ka sha wuya, da sanyin sahiya a ka shiga."

Yara suka taru suna kallo. Ya nuna inda ruwa ke zubowa daga saman dutse a shayar da dabbobi, da inda mutanen wurin ke gina gidaje masu hawa kamar rumbuna a haɗe, su sauko su sayar wa fatake doya. Daga nan ya laluba ƙasa ya ɗauko wata 'yar tsakuwa, ya dasa ta a bakin ƙofar ta yamma. Ya ce nan yayansa yake kwance. Zazzaɓi ya kama shi a kan dutsen, suka sauko da shi a kafaɗa, bai kai la'asar ba. Ban taɓa jin wannan labarin ba sai ranar. Ranar ce kuma na gane abin da ake nufi da mashigi, bayan shekara guda ina rera shi. Ya wanke hannu, ya kora jakunansa, yana cewa ranar biki zai kawo abokan tafiyarsa su gani.

Washegari Malam ya iso, ya tsaya a gaban dutsen da Baba ya gina yana huci. A tsakiyar wannan ɗoyi, mutumin nan ya buɗe baki ya ce, "Wa ya yi mini wannan ƙazanta a Afirka?"

Aka ce babana ne. Ya buɗe littafinsa, ya nuna mana shafin duniya, babu Atakora. Ya ce kuma ku duba, ya fi Atlas tsayi, jami'in ilimi zai ɗauka bai san awo ba. Fartanya na nan jingine, da ya ga dama da kansa zai share. Amma sai ya kira ni gaban aji.

Ya ce, "Kai na zaɓa ka yi wa baƙi bayani ranar biki. Sunanka kuma yana nan a aljihuna, ban miƙa ba tukuna. Ina so in sani, ɗan makaranta zan tura Birnin Kabi ko mai koran jaki? Hau ka tattake shi."

Ina so in ce na yi gardama. Ina so in ce ko hawaye na yi. Ƙarya ne, ko minti ɗaya ban ɓata ba. Na hau da ƙafa ba takalmi, lakar ta bushe a sama amma cikinta da danshi, ta yi ta fitowa ta tsakanin yatsuna. Tsakuwar nan ta soke ni a tafin ƙafa, na ji ta sarai, na ƙara dannawa har ta nutse. Yara suka yi dariya, ni ma na taya su. Dariyar nan ita ce ta fi ba ni ƙyama. Kashin shanu da hanjin kifi na cuɗa da ƙafar nan wata guda, ban ji ƙazantar da na ji a kaina ranar ba. Tir da ni!

A gida na ɓoye wa Baba abin da na yi. Kwana biyar muna cin tuwo akushi ɗaya da shi.

Ranar biki aka kafa tuta, aka yi maci, sannan aka kawo baƙi wurin duwatsu. Na riƙe doguwar sanda ina zuba bayani, ƙuda na shiga mini baki ina tofarwa ina ci gaba. Hakimi ya rufe fuska da hannun riga. Jami'in ilimi ya danna hankici a hanci yana gyaɗa kai da sauri, ka san so yake a gama ya tsere. Ina cikin bayanin mashigin Kaibar na hango Baba da babbar rigarsa ta salla, da wasu tsofaffi biyu a bayansa, suna zagayowa ta gefen Afirka.

Malam bai sa an shafe wurin ba. Lakar ta bushe da sawuna a kai, yatsu biyar biyar, raɗau. Baba ya dubi sawun. Ya ɗago ya dubi ƙafafuna. Bai dubi fuskata ba.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce, "To ina dutsin da ka kira mu gani?"

Baba ya ce, "Ruwa ya cinye shi."

Kwana biyar ɗin nan ko yayyafi ba a yi ba, su ma sun sani. Ɗayan ya ce Allah ya kyauta.

Nan take Malam ya zaro takarda ya karanta sunayen yara biyun da za su wuce, nawa ne na farko. Aka tafa. Mutane suka yi ta miƙa wa Baba hannu suna barka, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, madalla, madalla.

Muka kamo hanyar gida, yana gaba ina biye. Sai da muka iso bakin rijiyar unguwa ya tsaya. Ya karɓi guga a hannun wata mata, ya jawo ruwa da kansa, ya dire a gabana.

Ya ce, "Wanke ƙahwarka kahin ka shiga gida. Kabari ka taka."

Na tsuguna na wanke, yana tsaye yana jira. Bayan wata uku na hau mota zuwa Birnin Kabi, shi ya ɗauko mini kayana a kai har tasha.