Fulogi a Cikin Garwashi

Shekarar da aka rufe masaƙar da maigidana yake aiki a Kano, ya dawo mana ƙauye da akwatin sifanoni da shiru. Mutumin da a da sai na roƙe shi ya rage surutu, ya koma zama a zaure yana kallon ƙasa. In na kai masa tuwo, yadda na kai haka nake ɗaukowa. Ƙuncin shekarun nan bai ba ni tsoro kamar shirunsa ba. Ina ganin miji yana sulale mini, na rasa ta inda zan riƙo shi.

Da kaka ta yi, ya samo tsohon injin feshi wajen wani mai noman rani a Watari, ya ce ƙaramin jirgin sama zai ƙera. Ya haɗa jikinsa da karan dawa da gwangwani, ya sassaƙa farfela da muciyata, ko tambayata bai yi ba. Matan maƙwabta suka fara yi mini sannu irin ta mai jinya. Na ji haushi na haɗiye, don ko ba komai hannunsa ya motsa.

Sai injin ya ƙi tashi. Ya ja igiya har tafinsa ya yi kanta. Kullum sai ya kwance fulogi, ya hura, ya auna gibin bakinsa da guntun zarton ƙarfe, ya mayar. Ashe tausayin tsohon inji ne ya sa yake cika baƙin mai a fetur, fulogin ya jiƙe ya yi baƙi ƙirin.

Wata rana da hantsi na ga ya jingina jirgin a bayan rumbu, ya koma zaure. Na bi shi.

"Malam, kawo fulogin nan in gasa maka. Ni ashana in ta jiƙe, gefen murhu nake ajiye ta."

"Haka ake yi ai," ya ce. "Na gaji ne kawai."

Na karɓa na cusa a garwashi har man ya ƙone. Da ya huce ya kankare shi da allurata. Ya ce a rana ba a ganin tartsatsi, sai muka kai injin ɗakina muka saki asabari.

"Danna fulogin jikin injin," ya ce. "In shuɗi kika gani, lafiya lau. In ja ne, da sauran aiki."

Bai ce mini kar in taɓa ƙarfen ba. Yana jan igiya wuta ta fizge ni har kafaɗa, na yi baya na rushe jeren kwanukana.

"Wane launi?" ya tambaya.

"Ban ga launi ba, amma wallahi akwai wuta."

Ya kama dariya har ya zauna daɓas a ƙasa. Ni kuwa hawaye nake, ya ɗauka zafi ne, ya riƙe hannuna yana hurawa. Rabon da in ji dariyar nan har na manta.

Da la'asar injin ya tashi. Jirgin ya ruga cikin gonar da aka girbe, ya ci karo da kunya ya kife, ko taku ɗaya bai bar ƙasa ba. Na tsaya ina jiran shirun ya dawo. Ya ɗauko jirgin ya kakkaɓe, yana ta yi mini bayanin fiffike har muka iso gida. A bakin ƙofa ya juyo.

"Akwai sauran tuwon nan?"