Ƙamus a Kan Kujera

Wani tsoho yana zaune a tashar motar garin Volos, kwat ɗinsa ya sha jiki. Kujera ɗaya ta rage, ya ɗora mata ƙaton ƙamus. Yana bin ma'anonin wata kalmar Girkancin dā: jefawa, zubawa, bugawa, kowacce sai ya kwatanta da hannu. Da gani malamin makaranta ne da matarsa ta gaji da saurare ta koro.

Wata mata, Evantiya, tana tsaye da kumburarriyar ƙafa, tana cika tana batsewa.

"Baba, ɗauke littafin nan."

"Haƙuri, 'yata, saura ma'ana ta tara."

Sai ta zauna daram a kan ƙamus ɗin.

"Baiwar Allah, kin danne min kalmar!"

"Shekara dubu biyu tana jiranka, Baba. Ta ƙara haƙuri motata ta zo."