Zanen da Na Yi wa Shagon Ƙanena a Kabo

Sana'ata zayyanar allo ce. Idan ɗalibi ya sauke Alƙur'ani a Gwarzo ko ƙauyukan da ke kewaye, ni ake kawo wa allonsa in ƙawata shi da ja da kore da ruwan ɗorawa. Ban yi boko ba, ko wasiƙa zan rubuta da ajami nake yi.

Ƙanena kuwa acaɓa yake yi a da. Shekarar da man fetur ya fi ƙarfin talaka, ya sayar da babur ɗinsa ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya kama ɗan shago a Kabo yana tura wa mutane wasanni a waya, waɗanda suke kira gem. Yawancin masu zuwa wurinsa daga Gude da Dugabau suke, ba sa karanta sunayen Turanci. Sai ya buga hotunan wasannin ƙanana, kowanne bai fi akwatin ashana ba, ya lilliƙa a kwali ya rataye a ƙofa. Mutum ya nuna da yatsa, a tura masa. Da wannan yake ciyar da mata da 'ya'ya huɗu.

Mai shagon wani dattijon Alhaji ne, ɗan kwamitin masallacin unguwar. Wata rana ya tsaya ya duba kwalin da kyau, ya ga mata ba lulluɓi da ƙarti ba riga. Ya ce a jihar da ake shari'a, ba za a rataye wannan a jikin gininsa ba. Ya ba ƙanena zuwa Juma'a ta sama, ko ya gyara ko ya kawo makulli. Shi kuma ƙanen nawa, sarkin dabara, ya samo baƙin fenti ya shafe duk wani mai rai da ke kwalin. Hotuna talatin suka koma baƙin dunƙule iri ɗaya. Wani manomi ya nuna abin da yake zaton ƙwallo ce, ya je gida ya tarar da wasan jera alawa, ya dawo a keke yana faɗa.

Ranar Asabar ƙanena ya same ni a zaure ina dama tawada.

"Yaya, zane za ka yi mini."

"Ni? Hannun da ke zagaye Fatiha shi zai zana maka shiririta?"

"To shi ke nan. Idan aka karɓe shagon, ka share mana ɗakin baya, mu shida ne."

Na yi istigfari, na ce ya kawo takardu.

Kwana uku na yi a kansu. Kowane wasa na ba shi cikakkiyar takarda, na kewaye ta da sarƙa, na cika kusurwoyi da ƙulli, ban bar fili ko na ƙwayar gero ba, don a wurinmu allon da aka bar wa fili allon malalaci ne. Ran Talata na hau mota na kai masa Kabo. Ya kai wurin mai fotokwafi aka ƙanƙance su, ya liƙa, sannan ya ja hannuna muka tsallaka titi.

"Daga nan mutane ke fara hangowa. Yaya, me ka gani?"

"Na ga aikin kwana uku."

"Ni dai tabon miya na gani."

Na so in ƙwaɗe shi. Amma na ƙanƙance ido na duba, wallahi tabon miya ne, har guda talatin.

Ya ce laifina ban san abin da ke cikin wasannin ba, zana sunayensu kawai na yi da ado. Ya zaunar da ni a benci ya miƙo waya. Ni da furfurata, ina kallon wani ɗan taliki yana gudu a kan jiragen ƙasa, ba ya tsayawa, ba ya waiwaye.

"Ina za shi?"

"Ba inda za shi, Yaya."

"To wa ya aike shi?"

"Ba kowa. Gudun ne wasan."

Na ce Allah Ya shirya. Haka na kalli duka talatin ɗin, na tashi kaina na sarawa.

Na koma Gwarzo na sake sabon lale, ina yi ina jin kunyar alƙalamina. Kowane hoto abu ɗaya tak, da layi mai kauri, launi biyu. Wasan ƙwallo, farar ƙwallo a kan kore. Na mai gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Na motoci, taya. Na faɗa ya ba ni wahala, don ba na zana mai rai, har na tuna dunƙulen zaren da 'yan dambe ke naɗewa a hannu, na zana shi kaɗai. A ƙarƙashin kowanne na rubuta kalma ɗaya da ajami, manyan baƙi. A nan ne kawai na saki hannuna, kuma ba yabon kai ba, rubutun ya yi kyau.

Ran Alhamis na kai masa, muka sake tsallaka titi. Ya ce tayar da na zana gammo ce. Na ƙara mata zane a baki, ya ce yanzu ta zama tuwon madara. Sai a karo na uku ya yarda taya ce. A raina na ce yaron da na goya shi ne yau yake duba mini aiki.

Bayan an sauko daga Juma'a Alhaji ya zo. Muka gaisa, ya tambayi iyali da ɗalibai da mutanen Gwarzo, na tambayi jiki da jikoki. Sannan ya sa tabarau ya bi kwalin layi-layi.

"Ƙwallo. Takalmi. Wannan na 'yan dambe ne. Madalla, babu abin ƙi." Ƙanena ya fara murmushi. "Amma Malam, waɗannan baƙaƙen fa?"

"Ajami ne, Alhaji. Ƙwallo aka rubuta, ba aya ba."

"Na karanta, Allah gafarta Malam. Sai dai da irin baƙin nan aka rubuta littafin Allah. Kwali ne wannan. Ruwa zai jiƙa shi, iska ta yar da shi a kwata, a bi ta kai da takalmi. Kai ne za ka zo daga Gwarzo ka tsince?"

Raina ya ɓaci, kuma abin da ya fi ɓata shi, ni kaina ba na wuce takarda mai rubutun Larabci a ƙasa ban ɗauke ba. Duk da haka na ce, "Alhaji, takardar kuɗin da ke aljihunka ma ai da ajami a jikinta."

"Ba ni na buga ta ba, kuma ba a ƙofata aka rataye ta ba."

Ina da sauran hujjoji, na kuma buɗe baki. Sai na ji ƙanena ya taka mini ƙafa. Na dube shi, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, hannunsa na cikin aljihu yana damƙe da makulli.

Na ce a ba ni reza.

A tsaye a bakin titi na yanke rubutun ɗaya bayan ɗaya, guda talatin, Alhaji na riƙe mini gefen kwalin yana sa mini albarka, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Na tattara guntayen na zuba a aljihun gaba, don in wanke tawadar a gida yadda ya kamata. Alhaji ya cire tabarau ya ce wa ƙanena ya riƙe makullinsa, Allah Ya ba da kasuwa.

Ƙanena ya raka ni tasha, yana ta godiya har na fara saukowa. Da na sa ƙafa a mota ya leƙo ta taga.

"Yaya, akwai sababbi guda shida da suka fito. Ɗaya na kifaye ne."

"Kifi mai rai ne."

"To ka zana ƙugiya mana."

Na ce wa direba don Allah ya ja mu tafi.